Kafin ka sa hular kwano: yadda ake shiga aikin kiyaye haɗari a harkar mai

Duk lokacin da na zo hutu, kafin a sauke shayin farko a fadarmu ta Sabon Gari, sai wani cikin yaran unguwa ya matso ya ce, "Yaya, wai ta ina ake shiga wannan aiki naku na HSE?" Makon jiya kuma ɗiyar yayata ce ta tare ni a zaure. Bana ta ci bak. Ta ce, "Kawu, mace tana iyawa?" Amsar tsaye ba ta ƙosar da kowa, shi ya sa na zauna in ba da ita da tsawonta. Shekarata 11 a wannan aiki, galibi tare da kamfanonin kwangila. Kafin nan sifana na riƙe, ina ɗaure bututu ina gyaran famfo.

Haruffan nan uku suna nufin lafiyar ma'aikaci, kiyaye haɗari, da kare muhalli. A Damagaram ba mu fara jin su sosai ba sai da aka buɗe matatar SORAZ a watan Nuwamba na 2011, kimanin kilomita 50 arewa da gari, a kan hanyar Tanut. An gina ta don ta tace ganga 20,000 a rana, da ɗanyen man da ake turowa ta bututu daga Agadem a jihar Difa. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke da kashi 60, gwamnatin Nijar 40. Daga baya aka shimfiɗa wani bututun mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa tashar Seme a Benin, aka fara fitar da mai waje ta nan a 2024. Ka haɗa da depo-depon SONIDEP, kamfanin mai na ƙasa, da motocin dakon mai, da wuraren ɗura gas, da ma'adinan Arlit, da simintin Malbaza. Duk inda wuta da matsi da sinadari suka haɗu wuri ɗaya, ana neman mai wannan sani.

Abin da nake so ka fara rarrabewa shi ne aikin hawa biyu ne. Akwai mai sa ido a fili: ya duba hula, takalmi, igiyar ɗaure jiki ga mai hawa sama, tsani, wayar lantarki. Aiki ne mai daraja, kuma nan kusan kowa yake farawa. Akwai kuma injiniyan da aikinsa shi ne abin da ke cikin bututu ya zauna cikin bututu. Wannan hawa na biyu shi ne masu sani suka yi ƙaranci a kai, kuma can nake so ka sa ido tun yanzu.

Ga dalili. Ranar 23 ga Maris 2005, a matatar BP ta Texas City a Amurka, ana tayar da wani sashe bayan gyara. Aka yi ta ɗura mai cikin doguwar hasumiyar tacewa har ta cika ta batse. Na'urar auna cikarta tana nuna wa masu aiki abin da ba haka yake ba, ƙararrawa ta biyu kuma ba ta yi kuka ba. Man ya yi ambaliya ta sama, tururinsa ya kama wuta. Mutum 15 suka rasu, a ciki ko kusa da ofisoshin wucin gadi da aka ajiye dab da wurin, wasu 180 suka ji rauni. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a lokacin alƙaluman kamfanin na ƙananan raunuka, irin su zamewa da yankewa, kyau suke nunawa. Kowa da hularsa a kai. Babu wanda hular ta yi wa amfani.

Saboda haka fara da kimiyya. In kana lise, riƙe lissafi da fiziks da kimiyyar sinadarai da hannu biyu. Seri C, D ko ɓangaren fasaha su ne suka fi buɗe ƙofa. Bayan bak, nan gida IUT, cibiyar koyon fasaha ta Jami'ar André Salifou, tana da sashen HSE. A Yamai akwai EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu, da kuma Jami'ar Abdou Moumouni. Mai hali yana iya duba makarantar injiniyanci ta 2iE a Wagadugu, ko cibiyar horon man fetur ta Effurun kusa da Warri a Najeriya, wadda za ta ba shi Ingilishi a kan hanya. Ra'ayina, kuma na san akwai abokan aikin da ba su yarda da ni ba: in da dama, karanta injiniyanci tukuna, na sinadarai ko na injuna ko na lantarki, sannan ka ɗora HSE a kai. Wanda ya san yadda famfo ke aiki yana koyon dokoki cikin watanni. Wanda ya haddace dokoki bai san famfo ba, yakan daɗe masu aiki ba su ɗauke shi da muhimmanci ba.

In kuwa kai tsaye HSE ka karanta, ba ka yi asara ba, amma akwai giɓin da za ka cike da kanka. Koyi karanta taswirar bututu da na'urori, wadda ake ce wa P&ID. Ka sami takarda ɗaya, ka bi layi guda da yatsa daga tanki zuwa famfo zuwa bawul, ka san kowace alama me take nufi. Ranar da ka shiga fili, ka bi layin nan da ƙafa, takardar tana hannunka. Da wannan taswira ake yin zaman da ake kira HAZOP, dabarar da ta samo asali daga kamfanin ICI na Ingila a shekarun 1960. Injiniyoyi da masu gudanar da injuna su kewaye tebur, a ɗauki bututu ɗaya a yi ta tambaya: in abin da ke gudana ya yi yawa fa? In ya yi kaɗan? In ya tsaya cak? In ya koma baya? In zafi ya hau? Kowace tambaya sai an faɗi abin da zai jawo ta, da abin da zai biyo baya, da abin da ke tsare mu. Zama ne mai gajiyarwa, yakan ɗauki kwanaki, kuma ban taɓa koyon abu da sauri kamar a cikinsa ba. In aka ce ana neman mai rubuta bayanin zaman, ɗaga hannu.

Sai istaj. Kuskuren da yawancin yaranmu ke yi shi ne kowa ya kai takardarsa ƙofa ɗaya, ta babban kamfani, ya koma gida yana jira. Yawancin aikin hannu ƴan kwangila ne ke yin sa: masu walda, masu kafa ƙarafen hawa, masu wankin tanki, masu dako, masu gini. Kowannensu ana tilasta masa ya zo da nasa jami'in HSE, kuma ƙofarsu ta fi sauƙin ƙwanƙwasawa. Yi katinka na ANPE, hukumar samar da aikin yi, rubuta takardar nema shafi ɗaya, ka kai da ƙafarka watanni kafin hutu. In ka samu, sayi ƙaramin littafi mai shiga aljihu. Kada ka maƙale a ofis wurin sanyi. Nemi tsohon mai gudanar da injuna, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka roƙe shi ya bar ka ka bi shi zagaye. Kuma ka roƙi a bar ka ka tsaya lokacin da masu aikin rana ke miƙa wa na dare.

Wannan miƙa aiki, kada ka raina shi. Ranar 6 ga Yuli 1988, a dandalin haƙar mai na Piper Alpha da ke teku kusa da Scotland, masu aikin rana sun cire bawul ɗin kariya na wani famfo don gyara, suka toshe gurbin da faifan ƙarfe na wucin gadi. Da dare ɗaya famfon ya tsaya. Masu aikin dare suka tayar da wanda aka cire wa bawul, domin labarin bai iso gare su ba. Mutum 167 suka mutu. Tun daga nan duk wanda ke koyar da takardar izinin aiki, wadda muke ce wa permi, da wannan labari yake farawa. Permi tana faɗin wane aiki za a yi, a ina, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, me aka rufe, wa ya auna iska, wa ya yarda. Aikin da ke fitar da tartsatsi yana da tasa daban, shiga tanki yana da tasa. Tare da ita akwai kulle-kulle: kafin mutum ya sa hannu cikin inji, a kashe shi, ya maƙala kwadonsa a kan makunnin, makullin ya shiga aljihunsa. Mutum biyar ke aiki, kwado biyar. Sannan a danna maɓallin tayarwa a tabbatar injin bai motsa ba.

Kayan aikin da za ka fi shaƙuwa da shi ƙaramar na'urar auna iska ce, ba ta fi tafin hannu ba, ana maƙala ta a ƙirji. Abu huɗu take nunawa. Iskar da muke shaƙa, wadda a sarari take kashi 20.9 cikin 100. In ta sauka ƙasa da 19.5, ba mai shiga. Sai tururi mai kama wuta, wanda take aunawa da yadda ya kusanci matakin da tartsatsi zai tayar da shi; yawanci tana kuka a kashi 10 na wannan mataki. Sai gubar hayaƙi, irin wadda ke kashe masu kwana da gawayi ko janareta a ɗaki rufe. Na huɗu shi ne H2S, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan mayaudari ne. Yana kaɗan kana jin warinsa, in ya kai wajen 100 cikin miliyan sai ya kashe jin warin hancinka, ka zaci ya tafi. In ya haura ɗaruruwa, numfashi kaɗan ya isa ya kayar da ƙato. Ya fi iska nauyi, don haka rami da kwata da gindin tanki yake kwanciya.

Kowace safiya a gwada na'urar da kwalbar gas ta gwaji kafin a fita da ita. In za a shiga tanki, a zura tiyo a auna sama, a auna tsakiya, a auna ƙasa, a ba ta lokaci a kowane mataki. Mutum ɗaya ya tsaya a baki, ba shi da wani aiki sai kallon na ciki. Duk ɗan Damagaram ya taɓa jin labarin rijiya ko masai da mutum ya shiga ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi don ceto, shi ma ya faɗi. Haka take faruwa a tanki, ba bambanci. Abu mafi wuya da za ka koya wa mutanen kirki shi ne kada su bi ɗan'uwansu ciki sai da kwalbar numfashi a baya da igiya a jiki.

Wata rana a wani wurin ajiyar mai, bayan azahar, na iske wani dattijo mai walda ya durƙusa zai fara aiki a kan wani ƙarfe. Permi tana rataye, an sa mata hannu tun safe, kuma da safen an auna ba a ga komai ba. Amma taku kaɗan daga inda yake akwai kwata mai murfin raga, rana kuma ta gasa ƙasa. Na ce, "Baba, sannunku da aiki. Don Allah a ɗan dakata mini." Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya dube ni ya ce, "Ɗana, ga takarda nan. Tun ba a haife ka ba nake walda." Na ce, "Haka ne, Baba. Ku zo mu duba tare." Na durƙusa kusa da shi, na zura tiyon cikin ragar. Lambar ta tashi daga sifili, ta wuce 5, ta wuce 10, na'urar ta fara ƙara tana walƙiya ja a hannuna. Ashe can sama wasu sun tsiyaye wani bututu cikin kwatar bayan an rubuta takardar. Dattijon ya ajiye abin waldarsa a hankali, ya miƙe, ya je da kansa ya kashe injin. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Shugaban aikin kuwa ya kira ni a waya ransa a ɓace, yana lissafa mini awannin da za a rasa. Ba a yi waldar ba sai washegari, bayan an wanke kwatar, an rufe ta da bargon wuta da jiƙaƙƙen yashi, an sake aunawa.

Da na tsaya a kansa ina karanto doka da Faransanci a gaban yaransa, da gardama za mu yi. Gani ya kori ji. Shi ya sa nake ce wa yara harshe rabin aikin ne. Faransanci don rahoto da hukuma. Ingilishi don littattafan injuna da jarrabawar ƙasashen waje, kuma da shi ake yawan fahimtar juna da baƙi. Wanda ya ƙara da ɗan yaren Sin ya sami abin da ƴan'uwansa ba su da shi. Amma taron minti biyar na safe, wanda ake yi a tsaye kafin a fara aiki, da Hausa yake shiga kunnen lebura da mai walda da direba. Koyi faɗin haɗari da harshen gida, a gajarce, ba tare da ka ci fuskar kowa ba.

Akwai abin da littattafan waje ba za su koya maka yadda ya dace da ƙasarmu ba. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, ma'aikaci kuma yana cikin riga mai kauri mai hana kama wuta. Aiki mai nauyi a kai shi sassafe, a kafa rumfa, a ajiye ruwa kusa, a riƙa hutawa. In mutum ya fara magana ba kan gado ko yana tangaɗi, a kai shi inuwa a jiƙa shi, a kira likita nan take. In azumi ya faɗo cikin zafi, zauna da shugabannin aiki tun kafin a ga wata, a sake tsarin awanni. Da hunturu kuma iska ta bushe. Ka san tartsatsin da bargo ke yi da dare in ka yaye shi? Irinsa ya isa ya kunna tururin esansi. Don haka ba a fara ɗura wa mota mai sai an maƙala mata wayar da ke sauke wannan lantarki ƙasa, kuma a kan ƙarfe tsirara ake maƙala ta, ba kan fenti ba.

Maganar takardun shaida gajera ce. Wadda aka fi tambaya a kamfanonin waje ita ce ta NEBOSH, hukumar Ingila. Tana da jarrabawa, tana da aikin tantance haɗari a wurin aiki na gaske. Kafin ka biya ko dala, duba a shafinsu na intanet ko cibiyar da za ta koyar da kai tana cikin waɗanda suka amince da su, domin masu sayar da takardar bogi suna nan. Ka san ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 45001 ta 2018, wadda ta shafi lafiya da kiyaye haɗari a wurin aiki, da ISO 14001 ta muhalli. Yi horon agajin gaggawa da na kashe gobara, da hannunka, ba a allo ba. Karanta dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45, musamman inda ta yi maganar kwamitin lafiya da kiyaye haɗari, ka kuma san yadda ake kai rahoton haɗarin aiki ga CNSS, asusun inshorar ma'aikata. Amma kada ka ci bashi don tara takardu kafin ka taɓa taka fili.

Ranar ganawa don ɗaukar aiki, je da abin da ka yi da hannunka. Zaɓi wuri a gari, gidan mai ko shagon ɗura gas ko teburin ɗan ruwa-ruwa mai sayar da esansi a bakin hanya, ka nemi izinin mai shi, ka zauna awa biyu kana kallo. Rubuta me zai iya faruwa, wa zai shafa, me za a yi. Jera maganin yadda ake jera shi a sana'ar: a kawar da haɗarin gaba ɗaya in zai yiwu, ko a musanya da abu mai sauƙi, ko a sa shinge da na'ura, sannan tsarin aiki da horo, kayan sawa a jiki su zo ƙarshe. Ka iya bayyana dalilin da ya sa motar mai da ta kife a Yamai kusa da filin jirgi a watan Mayu na 2019 ta kashe mutum fiye da 50, ta Majiya a Jigawa kuma a Oktoba 2024 ta kashe fiye da 150: tururin esansi ya fi iska nauyi, yana malala a ƙasa ba a ganinsa, masu kwasa da bokiti kuma tsakiyarsa suke tsaye. Shafi uku irin wannan sun fi mini dogon jerin takardu in ni ke tambaya.

Ba zan ɓoye maka tsadar aikin ba. Makonni kana daji, suna da biki da jana'iza suna wuce ka. Albashin ɗan kwangila ba ɗaya yake da na babban kamfani ba, kuma kwangila tana ƙarewa. Za a kawo maka permi ofis a ce sa hannu kawai, ana sauri. Kada ka sa sai ka je ka gani da idonka. Za a zo maka da mai rauni a ce kada a rubuta, don allon da ke ƙirga kwanakin da ba a yi haɗari ba kada ya koma sifili. Rubuta. Ma'aikacin da aka ɓoye rauninsa shi ne zai rasa hakkinsa, kuma abin da ya ji masa ciwo yana nan yana jiran na gaba.

Ɗiyar yayata kuwa, na ce mata tana iyawa. Na yi aiki da mata a wannan fanni, kuma wadda ta fara gyara mini yadda ake rubuta binciken haɗari mace ce. Na ce ta tambayi maganar masauki da makewayi na mata kafin ta karɓi kowane istaj, ta nemi kayan aiki daidai jikinta, ta kuma sami ɗankwali mai kama kai wanda inji ba zai fizga ba, wanda ba leda-leda ba, don irin wannan yadi narkewa yake a jiki in ya ga wuta. Sannan na ba ta aikinta na farko: ta kaɗa ruwan sabulu ta shafa a kan tukunyar gas ta ɗakin girkin mahaifiyarta, daga kai har ƙarshen tiyo. Da la'asar ta kira ni ta ce, "Kawu, kumfa tana tashi a bakin tiyon." Na ce ta rufe kan tukunyar, ta buɗe ƙofa da taga, kada kowa ya taɓa makunnin lantarki ko ashana, ga ni nan zuwa da sabon tiyo daga Kasuwar Dole.